JON DIKINSON, LAUYAN DA YA TSARA ƘAWANCEN JIHOHIN AMURKA

Idan aka tambayi ɗan makaranta sunayen mutanen da suka kafa ƙasar Amurka, nan da nan zai ce Joj Washinton, in ya ƙara ƙoƙari ya ambaci Tomas Jefason ko Benjamin Faranklin. Da wuya ka ji wanda ya ambaci Jon Dikinson. Amma fa shi ne ya rubuta daftarin tsarin mulkinsu na farko, wanda suka yi aiki da shi kafin wannan da su ke bi yanzu. Na zaɓi in ba 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu tarihinsa ne saboda wata tambaya da ta daɗe tana damuna a darasin tarihi. Jihohi goma sha uku sun haɗa kai sun yaƙi Ingila, to, me ya sa ba su kafa gwamnati ɗaya mai ƙarfi ba tun da fari, sai suka yi ƙawance sako-sako, ko wace jiha tana cin gashin kanta? Wanda ya bi rayuwar wannan mutum zai ga dalilin.

An haifi Jon Dikinson a watan Nuwamba na shekarar 1732, a gonar taba ta mahaifinsa da ke Merilan. Yana yaro iyayensa suka ƙaura zuwa Delawaya, kusa da garin Doba. Masu arziki ne ƙwarai, suna da filaye masu yawa da bayi masu noma musu. Iyayen nasa 'yan wata ɗariƙar Kirista ne da a ke kira Kwaka, waɗanda aka sani da ƙin zubar da jini da son sasanta rigima ta hanyar magana. Shi Jon bai taɓa shiga ɗariƙar a rubuce ba, amma tarbiyyarta ta bi shi har kabari. Da ya kai shekara 18 sai aka kai shi Filadelfiya ya fara koyon aikin lauya, sa'an nan a 1753 ya tafi Landan ya ƙaro ilmi. Ya komo a 1757, ya buɗe ofishinsa, kafin wani lokaci ya zama ɗaya daga cikin manyan lauyoyin birnin. Aka zaɓe shi majalisar Delawaya, daga baya kuma majalisar Fensilbaniya.

A zamanin nan babu wata ƙasa mai suna Amurka. Abin da a ke da shi shi ne yankuna goma sha uku jere a bakin teku, ko wanne da gwamnansa, da majalisarsa, da dokokinsa, har da kuɗinsa na takarda. Bajiniya an kafa ta tun 1607, Jojiya kuwa sai bayan shekara ɗari da ashirin da wani abu. Mutanen arewa masu kamun kifi ne da fatauci a jiragen ruwa, na kudu kuwa masu noman taba da shinkafa ne da hannun bayi. Ko a wajen ibada ɗariƙunsu sun bambanta. Tafiya daga Boston zuwa Filadelfiya kan ci wa mutum kusan mako biyu a kan doki. In ka tambayi mutumin Bajiniya ƙasarsa, Bajiniya zai ce maka. Abin da ya haɗa su kawai shi ne Sarkin Ingila. A 1754 Faranklin ya kawo shawara a taron garin Albani cewa su kafa majalisa ɗaya don tsaron kansu daga Faransawa, amma ko majalisar yanki ɗaya ba ta yarda ba.

Ingila ce ta haɗa musu kai da hannunta. Ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa a 1763 da bashi har wuya, sai ta ce mazauna Amurka su ma su ɗauki rabonsu. A 1765 aka sa musu harajin kan sarki, watau ko wace jarida da takardar shari'a sai an biya an buga mata hatimi. Wakilan yankuna tara suka taru a Niyu Yok, kuma Dikinson ne ya rubuta musu takardar ƙorafinsu. Aka soke harajin, amma a 1767 aka sake fito da wani a kan gilashi da darma da fenti da takarda da ganyen shayi. Nan ne Dikinson ya rubuta wasiƙu goma sha biyu a jarida, ya sa musu suna wasiƙun wani manomi na Fensilbaniya. Manomi dai na suna, don ban ga alamar ya taɓa riƙe fartanya ba! Abin da ya nuna a ciki shi ne majalisar Landan tana da ikon tsara ciniki a daularta, amma ba ta da ikon zura hannu a aljihun mutanen da ba su da wakili a cikinta. Kusan duk jaridun yankunan suka buga wasiƙun, har aka buga su a Landan, aka kuma fassara su da Faransanci. A shekarun nan, in ka ɗebe Faranklin, da wuya a sami ɗan Amurka da sunansa ya kai nasa.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana ta haraji, domin ita ce tushen abin da zai zo. Shekara goma cur mutanen nan suna jin cewa majalisar da ke nesa ba ta da ikon karɓar kuɗinsu, sai majalisarsu ta gida. Dikinson da kansa ne babban malamin wannan karatu.

Rigima ta yi ta ƙaruwa. A 1774 wakilan yankuna goma sha biyu suka taru a Filadelfiya suka kafa Babbar Majalisa, kuma tun a zaman farko suka yanke cewa ko wane yanki ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan mutanensa. A watan Afrilu na 1775 aka fara harbe-harbe kusa da Boston. Dikinson bai fid da rai ga sulhu ba. Ya rubuta wa Sarki Joj na Uku takardar koke ta ƙarshe cikin ladabi, Sarki ya ƙi ko duba ta. Jon Adams, wanda ya ƙosa a raba gari da Ingila, ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa yana yi wa Dikinson ba'a, wasiƙar ta faɗa hannun Turawan Ingila suka buga ta a jarida. Daga nan mutanen biyu suka daina ko gaisawa. Amma kada a ɗauka Dikinson matsoraci ne. A wannan shekarar shi da Jefason suka rubuta sanarwar dalilan ɗaukar makamai, kuma ya karɓi muƙamin kanar a sojan sa-kai na Filadelfiya.

Ran 7 ga watan Yuni 1776 wani wakilin Bajiniya, Ricad Henri Li, ya kawo shawara mai rassa uku: a yi shelar 'yanci, a nemi ƙawance da ƙasashen waje, a kuma tsara yadda yankunan za su haɗu. Aka kafa kwamiti na mutum ɗaya daga ko wane yanki don reshe na uku, aka ɗora wa Dikinson rubutun. Ran 1 ga Yuli ya miƙe a Majalisa ya yi dogon jawabi yana cewa a dakata da shelar 'yanci. Bai ce Ingila ce ke da gaskiya ba. Abin da ya ce shi ne a fara ɗaure ƙawance tsakanin yankunan, a daidaita iyakokinsu, a kuma tabbatar da taimakon Faransa, sa'an nan a yi shela. Ya kwatanta gaggawar da mutumin da ya rushe gidansa cikin hunturu, ga iyali, alhali bai gina wani ba. Ya kuma ji tsoron cewa da zarar an kawar da Sarki, wanda shi ne igiyar da ta ɗaure su, yankunan za su juya su far wa juna.

Aka rinjaye shi. Washegari, ran 2 ga wata, shi da Robat Moris suka ƙi halartar ƙuri'a da gangan, domin da sun jefa tasu da Fensilbaniya ta ce a'a. Rashin nasu ya sa sauran wakilan yankin suka rinjaya da uku a kan biyu, aka sami yankuna goma sha biyu sun yarda, Niyu Yok ta ƙaurace. Moris ya sa hannu a takardar 'yanci daga baya, Dikinson kuwa bai sa ba har ya mutu. Ni a ganina wannan ne wurin da ya fi nuna halinsa. Bai yarda da abin ba, saboda haka ya ƙi sa sunansa, amma bai tare wa jama'a hanya ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ya ɗauki bataliyarsa ya nufi Niyu Jasi don fuskantar sojan Ingila. Yana can fagen daga aka cire shi daga wakilcin Fensilbaniya, mutanen da da su ke yabonsa suka koma zaginsa.

Aka gabatar da daftarinsa ran 12 ga Yuli, ba ya nan balle ya kare shi. Abin mamaki, wannan mutum da a ke zargi da sanyin jiki, shi ne ya so a ba gwamnatin tsakiya ƙarfi fiye da yadda wakilai za su iya haɗiyewa. Ya ce ko wace jiha ta riƙe harkokinta na cikin gida matuƙar ba su ci karo da dokokin ƙawance ba. Ya ba Majalisa ikon yanke wa jihohi iyaka ta wajen yamma. Tun a rubutunsa na farko ya sa wata doka ta kare 'yancin ibada, maza da mata, amma kwamiti ya cire ta. Sai dai ko shi bai ba Majalisa ikon sa haraji ba. Ina zai fara, bayan wasiƙun manomi?

Wata goma sha shida aka yi ana jan daftarin nan, a ɗauko a ajiye, ga yaƙi yana ci. Gardama ta farko a kan ƙuri'a ce. Manyan jihohi suka ce a bi yawan jama'a, ƙanana suka ce sam, in aka yi haka an haɗiye su ke nan. Don a ga girman bambancin, ƙidayar 1790 ta nuna Bajiniya tana da mutum fiye da 700,000, Delawaya kuwa ba ta kai 60,000 ba. Ƙanana suka yi nasara, aka bar ƙuri'a ɗaya ga ko wace jiha. Sai maganar kuɗin yaƙi. Dikinson ya ce ko wace jiha ta biya gwargwadon yawan mutanenta, har da bayi. Mutanen kudu suka ce bayi dukiya ce, ba za a ƙidaya su ba, aka koma ga ƙimar filaye da gine-gine, abin da babu wanda ya taɓa iya lissafa shi. Abin kunya ne a ce mutanen da ke kukan an mai da su bayin Ingila suna zaune suna wannan lissafi a kan 'yan Adam.

Babban sauyin ya zo ne a watan Afrilu na 1777, ta hannun Tomas Bak, wakilin Karolina ta Arewa. Shi ya ga cewa duk wanda aka ba iko sai ya nemi ƙari, ko a Landan ya ke ko a Filadelfiya. Ya kawo gyara cewa ko wace jiha tana nan da mulkin kanta da 'yancinta, kuma duk ikon da ba a ambace shi ƙarara an ba Majalisa ba, na jiha ne. Kusan dukan jihohi suka goyi bayansa. Wannan gyara ya juya daftarin Dikinson ya mai da kansa ƙasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Ga shi kuma masu ilmin zamanin sun karanta a littattafan Bafaranshen nan Monteskiyo cewa mulkin jama'a ba ya ɗorewa sai a ƙaramar ƙasa, babbar ƙasa kuwa ƙarshenta sarki ne mai danniya. Misalan da su ke gani a Turai, watau Holan da Suwizalan, duk ƙawancen ƙananan yankuna ne. Ban da haka, a daidai lokacin ko wace jiha tana rubuta nata tsarin mulki, kuma manyan 'yan siyasa da yawa sun fi ganin darajar kujerar gida a kan ta Majalisa.

To, me ya hana su watse gaba ɗaya, ko wace jiha ta kama gabanta? Yaƙi ne. Jiha ɗaya ba ta iya tsayawa gaban Ingila, kuma Faransa ba za ta ba da rance da jiragen yaƙi ga taron da ba shi da ko takardar haɗuwa ba. A watan Satumba na 1777 sojan Ingila suka ci Filadelfiya, Majalisa ta gudu zuwa wani ƙaramin gari mai suna Yok. A watan Oktoba aka sami labarin babbar nasara a Saratoga, wakilai suka ga lokacin neman Faransa ya yi, suka yi maza suka gama. Ran 15 ga Nuwamba 1777 aka amince da Dokokin Ƙawance, guda goma sha uku. Majalisa ta sami ikon yaƙi da sulhu, da aika jakadu, da cin bashi, da gidan waya. Babu shugaban ƙasa mai zartarwa, babu ikon haraji, babu ikon tsara ciniki. Muhimmin al'amari sai jihohi tara sun yarda, gyaran dokokin kuwa sai dukansu. In aka duba da kyau, abin da Majalisa ta ke yi tun 1775 ne kawai aka rubuta a takarda.

Ko wannan ɗin ma sai da ya yi fiye da shekara uku bai fara aiki ba. An cire dokar Dikinson ta iyakokin yamma, ga shi Bajiniya da wasu jihohi suna da'awar filaye har kogin Misisifi da gaba. Merilan, wadda ba ta da ko taƙi a can, ta ce ba za ta sa hannu ba sai an mai da filayen na kowa da kowa. Sai da Bajiniya ta sakar wa ƙasa filayenta na arewacin kogin Ohayo, sa'an nan Merilan ta yarda, dokokin suka fara aiki ran 1 ga Maris 1781. Saura wata bakwai da 'yan kwanaki ke nan a yi babban karo na ƙarshe a Yoktawun. Ashe tsoron da Dikinson ya ji game da iyakoki ba na banza ba ne.

Shi kuwa a shekarun nan ya sha wuya. A 1777 ya shiga sojan sa-kai na Delawaya a matsayin farabiti, tsohon kanar guda, kuma sojan Ingila suka ƙone gidan da ya ke zaune da matarsa Meri Noris a bayan Filadelfiya. A wannan shekarar ce ya fara 'yanta bayinsa bisa sharaɗin su ƙara yi masa aiki na wasu shekaru, sa'an nan a 1786 ya sake su gaba ɗaya. Sharaɗin bai yi mini daɗi ba, amma Jefason, mai rubuta cewa duk mutane daidai su ke, ya mutu a 1826 da bayi fiye da ɗari a gonarsa. A 1779 Delawaya ta mai da Dikinson Majalisa, ya sa hannu a Dokokin Ƙawance duk da yadda aka sauya su. A 1781 ya zama shugaban jihar Delawaya, a 1782 kuma shugaban Fensilbaniya, jihar da ta kore shi shekara shida da suka wuce.

Yana kan wannan kujera ne raunin ƙawancen ya zo masa har ƙofa. Majalisa tana roƙon jihohi kuɗi, su ba da abin da suka ga dama. Kuɗin takardar da ta buga ya zama ba ya sayen komai. Ta nemi a ba ta izinin karɓar kashi 5 cikin 100 a kan kayan da a ke shigowa da su, jihohi suka yi ta yarda, sai ƙaramar Rod Ailan ta ƙi a 1782, magana ta mutu. A watan Yuni na 1783 sojoji wajen 400 da ba a biya su albashi ba suka kewaye ginin da Majalisa ke zama a Filadelfiya. Majalisa ba ta da ko ɗan doka nata, sai ta roƙi Dikinson ya fito da sojan sa-kai. Shi da 'yan majalisarsa suka ƙi, suna ganin mutanen gari ba za su ɗaga bindiga a kan sojojin da suka yi musu yaƙi ba, gara a lallashe su. An kuwa kwantar da boren ba tare da zubar da jini ba, amma Majalisar ƙasa duka ta tattara takardunta ta gudu zuwa Firinston. Wannan abin kunya yana cikin dalilan da suka sa daga baya aka keɓe wa gwamnatin tarayya birninta na kanta. A nan ina ganin ya yi daidai ta wajen sojojin, amma ya bar Majalisa a wulaƙance, shi da ya fi kowa son a ƙarfafa ta.

Kada dai a ce ƙawancen bai tsinana komai ba. A ƙarƙashinsa aka ƙulla sulhun Faris na 1783 wanda Ingila ta amince da 'yancinsu, aka kuma yi dokar 1787 wadda ta tsara yadda filayen arewa maso yamma za su zama sababbin jihohi, ta hana bauta a cikinsu. Amma jihohi suna ta sa wa juna kuɗin fito, bashi ya ƙi biyuwa, manoman Masachuset kuma suka yi tawaye a 1786 saboda haraji da bashi. A watan Satumba na shekarar wakilan jihohi biyar kacal suka taru a Anafolis, Dikinson ne shugaban taron, suka yi kira a sake babban zama.

A taron Filadelfiya na 1787 ya wakilci Delawaya. Tsohuwar gardamar manya da ƙanana ta sake tashi har taro ya kusa watsewa. Dikinson yana cikin waɗanda suka tsaya a kan a yi majalisa biyu, ɗaya ta bi yawan jama'a, ɗaya kuma ko wace jiha ta sami kujeru daidai da 'yar'uwarta. Haka aka yi, kuma irin wannan tsari ne Nijeriya ta ɗauka a 1979, shi ya sa yau jihar Kano da jihar Bayelsa ko wacce sanata uku gare ta. Ya kuma yi magana a kan a hana shigo da bayi daga Afirka, amma aka ɗaga maganar har shekara ashirin. Rashin lafiya ya sa ya koma gida kafin ranar ƙarshe, sai ya bar wa abokinsa Joj Rid saƙo ya sa masa hannu. Saboda haka sunansa yana jikin tsarin mulkin Amurka, amma da rubutun wani. Delawaya ce jihar farko da ta amince da shi, ran 7 ga Disamba 1787, kuma a 1788 Dikinson ya rubuta wasiƙu tara a jarida yana jawo hankalin sauran jihohi.

Sauran rayuwarsa ya yi ta ne a garin Wilminton, yana karatu da rubutu da taimaka wa makarantu. Akwai kwaleji a garin Kalayil na Fensilbaniya da aka kafa a 1783 aka sa mata sunansa, tana nan har yanzu. Ya rasu ran 14 ga Fabrairu 1808 yana da shekara 75, lokacin Jefason ne shugaban ƙasa. Aka binne shi a maƙabartar 'yan Kwaka ta Wilminton, aka kafa masa ɗan ƙaramin dutse irin na kowa, kamar yadda al'adar ɗariƙar ta ke.